Makulli a Aljihun Baba

Mahaifina mai gyaran wutar mota ne. Ko da ƙarfi ya ja baya ya daina fita gareji, aikin bai rabu da shi ba, gida kawai ya biyo shi. A bayan gidanmu akwai rumfar kwano da ya kewaye da bulo, a cikinta kuwa tsohuwar motarsa ce ke kwance, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Doguwa ce, kalar madara, ƙarfenta mai kauri irin na dā, kujerunta na fata sun yi laushi don tsufa. Mu 'ya'yansa Gwaggo muke kiranta, domin a cewar Yayanmu ita kaɗai ce a gidan ba a ɗaga wa murya.

Ran nan na je gaishe su da hantsi, na bar yara a gida wurin babansu. Na tarar Umma ta fita asibiti duba ƙanwarta, can ɗaya ƙarshen gari. Ban ko tsaya tambayar inda Baba yake ba, na miƙe rumfa. Na same shi rabin jikinsa a cikin mota, ƙafafunsa a waje, ƙofofi huɗu a wangale, bonet a ɗage, but ɗin baya a buɗe, ka ce motar hamma take yi.

"Auta ce?" ya ce, bai ko leƙo ba. "Allah ya kawo ki. Ajiye jakar nan ki riƙe min wannan."

Haka gaisuwar Baba take. Na haifi biyu, furfura ta fara leƙo mini, amma a wurinsa har gobe ni ce mai riƙe fitila. Na durƙusa na gaishe shi duk da haka, ya amsa da tarin nan nasa da ya kwaso daga shaƙar ruwan batir na shekara da shekaru, sannan ya miƙo mini ɗan ƙwan gwajinsa mai jelar waya.

Fitilar rufin motar ce ta hana shi sakat. Wani lokaci ta yi ta ƙyaf-ƙyaf ba wanda ya taɓa ta, wani lokaci fis, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone, batir kuma in ya kwana sai a tashe shi a mace. Na ce masa mota da ba ya fita da ita sai ranar da ya ga dama, mene ne abin tayar da hankali a kan fitilar ciki? Ya zare tabarau ya dube ni kamar na zagi wani nasa.

"Ke dai ba ki san wuta ba. Fitilar rufi ba irin sauran ba ce. Su sai an murɗa makulli suke samun wuta. Ita kuwa wutarta tana nan dare da rana, ko mota a kashe take. Jira kawai take ki buɗe ƙofa, ɗan maɓallin nan na jikin ƙofa ya saki ya haɗa ta da ƙarfen mota, sai ta kama. To wayar da ba ta barci, in ta yi ciwo, kin ga ai ba a ce mata sai gobe."

Muka bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance maɓalli, ya kankare tsatsa da wuƙa, ya hura, ya mayar, ni kuma in danna in saki yana kallon fitila. A ƙofar direba ya ciro wata waya da fatarta ta saluɓe, jan ƙarfenta a waje, ya ɗaga mini ita yana murmushin wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Ya naɗe ta da salatif, ya ce ga mai cin fis nan. Sai dai fis ɗin da zai gwada da shi babu, na ƙarshe ya ƙone tun jiya. Ina kallo ya yanko guntuwar waya mai kauri, ya fere bakinta, ya cusa a gurbin fis.

"Baba, ba a kan wannan kake korar masu koyon aiki ba?"

"Su barinta suke yi a ciki mai mota ya tafi da ita. Ni gwaji zan yi in cire. Rufe ƙofofin mu gani."

Na rufe, fitila ta mutu. Na buɗe, ta kama tar. Muka maimaita a kowace ƙofa, lafiya lau. Na ce to alhamdulillahi, mu shiga ciki in ɗora masa ruwan shayi, don kwanon rumfar ya fara gasa mu. Ya girgiza kai. Saura mai shan batir, in ji shi. Akwai wata 'yar fitila a cikin but, layinsu ɗaya da ta rufi, kuma yana zargin ba ta mutuwa in an rufe murfi. Ba yadda za a yi mutum ya gane daga waje, don haka a sana'arsu shiga ake yi a rufe da mutum, ya gani da idonsa.

Na ce, "Haba Baba, da girmanka? Bari in kunna bidiyo a salulata mu sa a ciki mu rufe."

"Salula za ta sa yatsa ta ji ko murfi yana taɓa maɓalli? Gani ya kori ji, Auta. But ɗin da na shiga a rayuwata sun fi gidajen da kika shiga."

Na ce to ni in shiga. Ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ya ce Gwaggo tsohuwa ce, a tausaya mata. Haushi ya kama ni, na ce ya shiga ɗin, ai ba ni na aike shi ba. Ya cire takalmi, ya dafa kafaɗata ya ɗaga ƙafa da ƙyar, ya kwanta a gefensa na dama a kan shimfiɗar da ta rufe tayar safiya, wato ta ko-ta-kwana, ya naɗe gwiwoyi. Ƙaramin mutum ne, tsufa kuma ya ƙara tsotse shi, wurin ya ɗauke shi har da saura.

"Danna da ƙarfi, ba ta jin lallashi."

Na danna da hannu biyu, murfin ya ce ƙaƙas.

"Ta mutu?" na tambaya.

Muryarsa ta fito a toshe, kamar daga cikin randa. "Ta mutu. Ashe ba ita ba ce. Buɗe."

Na laluba bayan motar. Ba mariƙi, ba abin dannawa, sai ramin makulli kawai a tsakiyar wani zagayen ƙarfe mai sheƙi. Na zagaya na leƙa wurin sitiyari, ba makulli. Na duba kan benci, na duba ƙusar da ke bango.

"Baba, ina makullin?"

Na ji yana laluba jikinsa a ciki. Sannan ya ce, "Yana aljihuna."

Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Baba ya san dokarsa ta farko: mai gyara ba ya barin makulli a jikin mota, a aljihu yake sa shi, kada wani ya tayar da inji hannunsa yana ciki. Dokar ta bi jikinsa har ba ya sanin lokacin da yake zarewa. Wallahi dariya na fara yi. Na jingina da mota ina ƙyaƙyatawa, ina cewa yau sai na ba Umma labari, shi ma ina jin yana 'yar dariya yana cewa in na faɗa ya cire ni daga gado.

Ƙauri ne ya katse mini dariyar. Irin na robar da ta faɗa wuta. Na ɗaga kai na duba ta gilashin baya, sai na ga wani baƙin layi yana tafiya a jikin ƙyallen rufin motar, daga fitila zuwa baya, a hankali, hayaƙi siriri yana binsa.

"Auta." Muryar ta canja, ba wasa a cikinta. "Je ki cire kan batir. Baƙin. Yanzu."

"Me ya faru?"

"Murfi ya datse waya a wurin gwiwarsa, inda yake haɗe da mota. Nan ciwon yake, ba ƙofa ba. Ba fis da zai yanke ta. Yi sauri, sifana mai lamba goma."

Na ruga gaban mota. Sifanonin Baba a jere suke a bango kamar haƙoran mataji, kuma a lokacin nan ko lamba ɗaya idona bai iya karantawa ba. Na kwaso guda uku, na farko ya yi girma, na biyu ya kama. Na murɗa, ashe ƙara ɗaurewa nake yi. Na juya, sifana ta suɓuce ta daki ƙarfe ta faɗa can ƙasan inji. Na yi ƙara. Na fizgo fulaya daga benci na cafke kan batir ɗin ina jijjiga shi hagu da dama, ina kiran sunan Allah, ina zagin ranar da aka ƙera motar, har ya zame ya fito da ɗan tartsatsi.

Na dawo baya a guje. Hayaƙi yana tsiyayowa ta gefen murfi, ciki kuwa ina jin bugu, tim, tim, da tari.

"Baba! Na cire! Baba!"

"Na ji." Tari ya sarƙe shi, ya daɗe kafin ya samu magana. "Shimfiɗa ce ta ɗan kama. Na kashe ta da hula. Ki kwantar da hankalinki."

Hankali ya kwanta ina? Na ɗebo ruwa a bokiti na watsa wa rufin motar ta ciki har ƙyallen ya zubo. Na ce masa zan cire kujerar baya ya fito ta nan. Ya ce ba hanya, bangon ƙarfe ne a wurin, a bayansa kuma tankin mai. Na ce ya turo makullin ta gefen murfi. Ya gwada, ina jin ƙarfe yana gurzar roba, amma murfin Gwaggo ya zauna daram, ko reza ba za ta wuce ba. Akwai wata toshiyar roba a ƙasan but, in ji shi, sai dai tana ƙarƙashin tayar safiya, shi kuma a kan tayar yake kwance, ba filin da zai ɗaga ta.

Ɗaya makullin yana cikin jakar Umma. Na kira ta. Ta ɗauka da muryar nan ta asibiti, ƙasa-ƙasa. Na ce ta hau ko mene ne ta taho da makullin mota, Baba ya kulle kansa a but. Ta fara cewa ita dai wannan mutum, sai ta ji yadda nake numfashi, ta yi salati ta kashe. Na kira masu kashe gobara, na yi musu kwatance a birkice, suka ce ga su nan. Na kira mijina, ya ce ya taso. Dukansu suna can nesa, kuma na san yadda hanyar gidanmu take cushewa da rana tsaka.

Na fita ƙofar gida ba takalmi ina ihu a taimaka. Layin fayau, rana ta kori kowa. Na daki ƙofar maƙwabcinmu na dama har tafin hannuna ya yi ja, kare ne kawai ya amsa. Gidan hagu janareta ke ruri, ko bindiga aka harba ba za su ji ba. Na tsaya a tsakiyar titi ina juyi, ban san ko in ci gaba da gudu neman mutane ba ko in koma. Tsoron kada ya kira ni ba na nan shi ya maido ni.

Rumfar ta zama tanda. Na dafa murfin but, na janye hannu don zafi. Na jiƙa tsofaffin buhuna na shimfiɗa a kai, na durƙusa na kara bakina a gefen murfi.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji. Nan ya fi ɗakin uwarki shiru."

"Bar wasa, don Allah. Kana samun numfashi?"

"Ina samu."

Ƙarya yake yi. Tsakanin kalma da kalma ina jin ƙirjinsa yana fito. Na tashi na duba bango, idona ya sauka a kan guduma da wani dogon ƙarfe mai faffaɗan baki da yake ɓamɓare taya da shi. Ƙarar jan ƙarfen a siminti ita ta tona ni.

"Me kika ɗauko?"

"Ɓalle murfin zan yi."

"Ajiye."

"Baba..."

"Na ce ki ajiye! Kin san shekara nawa ina lallaɓa murfin nan? Ba a samun irinsa ko a bola. Ƙarfe ɗaya kika ɗora masa, ban yafe miki ba."

Tun da aka haife ni Baba bai taɓa gaya mini wannan kalma ba. Zuciya ta taso mini. Mutum yana gasuwa a cikin gwangwani, abin da ya dame shi fenti! Na ce masa motar banza, motar wofi, in ya mutu a ciki da ita za a binne shi? Na faɗi maganganun da 'ya ba ta gaya wa uba, ina kuka ina faɗa. Ya bar ni na gama.

"Kin gama? To ji nan. Je ki ƙofar gida ki tsaya. Ki jira uwarki a can, ki nuna wa masu gobara gida, kada su wuce. Kada ki dawo sai da su."

"Ba inda za ni."

"Auta, ni ne fa nake gaya miki. Tafi."

Na ajiye ƙarfen. Na tafi, domin haka aka rene ni, in ya ce tafi ƙafata ke tafiya kafin kaina ya yi shawara. Na tsaya a bakin ƙofa ina leƙen kan layi, kunnena yana baya. Ba mota, ba jiniya, ko keke babu. Na kira Umma, ta ce suna cikin cunkoso ko motsi ba sa yi, tana kuka tana roƙon direba. Na ji ba zan iya ba. Na banko ƙofar gida ta kulle kanta a bayana, na koma rumfa a guje ina cewa ya yi haƙuri, na dawo, ya zage ni in ya ga dama.

Bai zage ni ba. Na kira shi, shiru. Na daki murfin da tafin hannu, na kira shi da Baba, na kira shi da sunan da abokan aikinsa ke kiransa, na kira shi da sunansa na yanka wanda ban taɓa furtawa ba. Ko tarin babu. Ban taɓa sanin tsoro yana da ɗanɗano ba sai ran nan, wani ɗaci ya cika mini baki.

Na ɗauki guduma na rufe ido na sauke ta a kan jar fitilar baya. Gilashi ya tarwatse. Na ci gaba da dukan kwanon da ke bayansa har ya faɗa ciki, ya bar rami da hannu zai shiga. Hayaƙi mai ɗumi ya bugo mini fuska, tare da shi kuma wani wari da ya danne ƙaurin gaba ɗaya. Warin fetur ne, mai ƙarfi, har idona ya kawo ruwa. Na sunkuya na duba ƙarƙashin motar, ga shi yana ɗiga daga kusurwar but, ɗis, ɗis, ya yi ɗan tafki a siminti yana miƙowa wajen ƙafata. Wayar da ta yi ja ta narka robar da ke kai mai cikin tanki.

Na dubi gudumar da ke hannuna, na dubi kwanon da na gama duka, ƙarfe a kan ƙarfe. Tartsatsi ɗaya ya isa, da ni da shi da rumfar duka. Sai a lokacin na gane abin da ya sa aka tura ni ƙofar gida.

Na zura hannu ta ramin har kafaɗa, gilashi yana yanka ni ban ji ba. Na taɓo ƙafarsa, da ɗumi, na girgiza, ba ta amsa ba. Na bi wando ina laluben aljihu, yatsuna suka tsaya a gwiwa. Ko da hannuna ya kai, na san a hannunsa ko ƙarƙashinsa makullin yake, tun da ya gwada turo shi.

Ba sauran dabara sai ƙarfen tayar nan. Na cire mayafina na tsoma a bokiti, na naɗe bakin ƙarfen da shi. Na kwarara ruwa a gefen murfi, a kan ramin makulli, a ƙasa inda man ya taru, har na tsaya a cikin caɓi. Na san ruwa ba ya hana fetur kamawa, amma ba ni da wani abu sai shi. Na yi bismilla, na cusa bakin ƙarfen a ƙarƙashin murfi dab da makulli, na danna.

Ya zame. Na sake cusawa, na tura da cinya har ya shige, na danna da hannu biyu. Murfin ya lanƙwasa kaɗan, fenti ya fashe, makulli bai saki ba. Kowace ƙara da ƙarfen ya yi sai in runtse ido ina jiran wuta. Ina ta magana ban san me nake faɗa ba, ina ce masa ga ni nan, ya jira ni, kada ya yi mini haka. Na jawo bulo na sa a ƙarƙashin ƙarfen ya zama matashi, na hau ɗaya ƙarshen da ƙafa biyu, na riƙe ginshiƙin rumfa, na saki nauyina duka, jikin nan da ya gama yi wa tsiya ɗazu. Wani abu ya ce ɓas a ciki, na faɗi da baya a cikin ruwa, murfin ya yi sama.

Yana kwance yadda na bar shi, a naɗe, bakinsa a buɗe, fuskarsa ta yi toka-toka, rigarsa jiƙe da gumi da mai. Na kama shi ta hammata na ja. Ban san inda na samu ƙarfin ba. Na ja shi a ƙasa, dugadugansa suna kartar siminti, na fitar da shi daga rumfa, na wuce igiyar shanya, ban tsaya ba sai gindin famfo a ɗaya gefen tsakar gida. Na yage masa riga, na sakar masa ruwa a kai da ƙirji, na juya shi a gefe ina bubbuga bayansa ina kira. Na kara kunne a bakinsa, ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Na sake bugawa da ƙarfi, irin dukan da ban taɓa yi wa ɗana ba.

Ya ja wani dogon numfashi mai ƙara, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Sai tari, sai amai baƙi. Na rungume kansa ina kuka da ƙarfi kamar yarinya.

Da na kama hannunsa zan wanke ne na gani. Tafukan sun ƙone sun yi bororo, wannan na zata, tun da da su ya danna hular a kan wutar. Amma yatsun ba wuta ce ta ci su ba. Farcen duk sun kakkarye, biyu sun fita gaba ɗaya, jini yana bin ruwa. Na waiga na hango cikin murfin da ke tsaye a rumfa. Kwalin da aka lulluɓe shi da shi ya yage kaca-kaca, ƙarfen da ke ƙarƙashi ya sha karta, layi-layi ja. Duk lokacin da yake gaya mini in kwantar da hankali, yana ba'a da ɗakin Umma, ashe haka yake yi a cikin duhu. Ban ji ba, ko kuwa hayaniyar kaina ce ta hana ni ji.

Ya buɗe ido, jajaye, ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Leɓensa ya motsa, na sunkuya.

"Na ce ki tsaya a ƙofar gida."

"Na ji, Baba."

"Mai yana zuba."

"Na gani."

"Kin gani, kika sa ƙarfe?" Idonsa ya cika da ruwa. "'Ya'yanki fa, Auta? Wa za ki bar wa su?"

Can daga kan layi na fara jin jiniya. Na yunƙura zan je in buɗe musu ƙofa, sai na ji an riƙe ni. Ya damƙe gefen zanena da yatsun nan masu jini, jikinsa duka yana karkarwa. Mutumin da ya yi ta korata ɗazu, da ya ce bai yafe ba, ya ɗago kai da ƙyar yana kallona, a fuskarsa kuwa akwai tsoro, abin da ban taɓa gani a wurin ba tun da nake.

"Kada ki tafi," ya ce. "Su ɓalle ƙofar. Ke dai zauna."

Na zauna a cikin ruwan famfo na ɗora kansa a cinyata, muna jin su suna dukan ƙofar gida.